Changes: Waƙar mai ganga da babu ganga a cikinta

Duk wanda ya san Black Sabbath, da ƙara ya san su. Samari huɗu ne 'yan unguwar Aston da ke birnin Birmingham a Ingila, waɗanda akasarin masu rubuta tarihin kiɗa ke cewa su ne suka kafa harsashin salon nan da ake kira hebi metal: jita mai gurnani, ganga mai girgiza ƙirji, da baitoci a kan yaƙi da hauka da mutuwa. Iyaye a Ingila da Amurka sun sha hana 'ya'yansu sauraronsu, masu wa'azi a coci sun sha yin tir da su, kuma idan mai karatu ya ji sunan ya yamutsa fuska ba zan ga laifinsa ba. Akwai abubuwa da yawa a rayuwar waɗannan mutane da ba abin koyi ba ne, su ma da bakinsu sun faɗa.

Sai dai cikin tarin waƙoƙinsu akwai guda ɗaya da babu jita a cikinta, babu ganga, babu ihu. Fiyano ne da muryar namiji yana juyayin rabuwa da matarsa. Sunanta "Changes", ta fito a 1972, kuma ta shafe shekara 31 a gefe. Masoyan ƙungiyar suna ganin ba ta su ba ce, waɗanda kuwa za su so ta ba sa ko kusantar faifan da take ciki, balle su ji ta.

'Ya'yan leburori

Aston ta shekarun 1950 unguwar ma'aikatan masana'antu ce. Gidaje a cunkushe, hayaƙi ko'ina, ga kangwayen da bama-baman Jamus suka bari tun Yaƙin Duniya na Biyu, yara na wasa a cikinsu. A nan John Osbourne, wanda duniya ta sani da Ozzy, ya tashi. Ubansa na aikin dare a masana'anta, uwarsa na aikin rana a kamfanin kayan mota na Lucas. Ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, ya yi aiki a mayanka, ya yi zaman 'yan makonni a kurkukun Winson Green saboda fasa shago.

Tony Iommi, mai kaɗa jita, yana ɗan shekara 17 injin datsa ƙarfe ya guntule masa kawunan yatsu biyu na hannun da yake danna tsirkiya da shi. Abin ya faru ne a ranar da ya yi niyyar ajiye aikin don ya rungumi kiɗa. Bai haƙura ba. Ya narka robar kwalbar sabulun wanke-wanke ya yi wa yatsun hula, ya liƙa fata a kai, ya koma amfani da tsirkiyoyi marasa kauri, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu don yatsun su rage ciwo. Wannan sassautawa ta ƙara wa jitarsa kaurin murya, kuma wannan kaurin ne dubban makaɗa suka kwaikwaya daga baya. Geezer Butler, mai jitar bes, ɗan gidan 'yan Katolika ne 'yan asalin Ailan, mai yawan karatu, kuma shi ke rubuta yawancin baitocin da Ozzy ke rerawa. Na huɗunsu Bill Ward, mai ganga, wanda ya tashi da sauraron makaɗan jaz na Amurka.

Sun haɗu a 1968, suka yi ta kiɗa a ƙananan mashaya da sunan Earth. A 1969 suka ɗauki sunan wani fim ɗin ban tsoro na 1963 da Boris Karloff ya fito a ciki. Dalilinsu, kamar yadda suka sha faɗa, mai sauƙi ne: tunda mutane na biyan kuɗi su shiga silima a tsorata su, me zai hana a yi musu kiɗan da zai tsorata su? Faifansu na farko a rana guda suka naɗe shi, ya fito ranar Juma'a 13 ga Fabrairun 1970. A watan Satumban wannan shekara suka saki Paranoid, ya zama na ɗaya a Birtaniya, sannan Master of Reality ya biyo baya a 1971. 'Yan jarida masu sharhin kiɗa sun yi musu kaca-kaca, matasa kuwa suka yi ta saye.

Tun a lokacin suna ɗan saka waƙa mai sanyi a tsakanin masu zafi. Akwai "Planet Caravan" a faifai na biyu, akwai "Solitude" a na uku, inda Iommi ya busa sarewa. Iommi ya daɗe da fahimtar cewa ƙara ba ta jin nauyi sai an sa shiru a gefenta. Amma a waɗannan biyun an lulluɓe muryar Ozzy da na'ura da amsa-kuwwa, har wasu suka riƙa musun cewa shi ne ya rera "Solitude". Waƙar 1972 ce ta farko da aka bar muryar tsirara.

Gidan Bel Air

A tsakiyar 1972 suka tafi Los Angeles don naɗar faifai na huɗu a situdiyon Record Plant. Suka kama hayar wani katafaren gida a unguwar masu kuɗi ta Bel Air, mallakar wani attajiri daga zuri'ar du Pont masu kamfanin sinadarai. Dukansu ba su wuce shekara 24 ba, kuɗi ya shigo musu ba zato, kuma babu babba a kansu. Karo na farko ke nan da suka ja ragamar aikin faifai da kansu, ba tare da Rodger Bain da ya shirya musu ukun farko ba. Hodar iblis ta mamaye gidan. Butler ya faɗa daga baya cewa abin da suka kashe a kanta ya fi abin da aka kashe wajen naɗar faifan. Sun ma so su sa wa faifan sunan wata waƙa da suka yi a kan hodar, kamfani ya ƙi, shi ya sa ya fito da suna Vol. 4 kawai. Wannan ɗabi'a ce ta ci ƙungiyar a hankali, har ta kai ga korar Ozzy a 1979.

A cikin wannan hargitsi auren Bill Ward na farko ke mutuwa. Yana nesa da gida, yana sha fiye da kima, kiɗansa ya fara tangarɗa, har ya faɗa daga baya cewa ya zaci korarsa za a yi a lokacin naɗar waƙar "Cornucopia". Abokansa kuma ba su raga masa ba, domin shi ne abin tsokanarsu. Iommi ya ba da labari a littafin tarihin rayuwarsa na 2011 cewa wata rana Ward ya bugu ya faɗi, sai suka samo gwangwanayen fenti mai ruwan zinare suka feshe shi tun daga kai har ƙafa, jikinsa ya kama jijjiga, sai da aka kira motar asibiti.

Waɗannan dai mutanen ne suka yi masa "Changes". A gidan akwai fiyano a babban zaure. Iommi bai iya kaɗa shi ba, amma ya riƙa zama a gabansa cikin dare yana lalube da guntayen yatsunsa har ya samo wani ɗan gajeren zubi mai maimaita kansa. Ozzy ya ji, ya fara ɗora masa karin murya ba tare da kalmomi ba. Butler ya ɗauki alƙalami ya rubuta baitocin, yana kallon halin da Ward ke ciki. Aka kawo Mellotron, wata na'ura mai kama da fiyano wadda a ƙarƙashin kowane maɓallinta akwai zaren kaset da aka naɗi sautin goge ko sarewa, a danna ya yi tafiyar kusan daƙiƙa 8. A Birmingham aka fara ƙera ta a 1963, garinsu. Ita ce ke ba waƙar wannan sauti mai kama da taron masu goge daga nesa. Shi ke nan kayan da aka haɗa. Mai ganga, wanda ciwonsa ne ya haifi waƙar, bai buga ko sau ɗaya a cikinta ba.

Abin da baitocin ke cewa bai wuce abin da kowane mai saki da ya yi nadama zai faɗa ba. Mutum ne ya rasa matar da ita ce aminiyarsa, bayan shekarun da suka yi tare. Ba ya zaginta, ba ya yi mata baki, ba ya cewa wani ne ya hure mata kunne. Yana ganin duniya ce ta ruɗe shi, ya farga bayan lokaci ya ƙure, yana fatan da ana mayar da hannun agogo baya. Kalmomin gajeru ne, irin waɗanda ɗan firamare zai gane. Butler, wanda ya saba rubutu a kan janar-janar masu tura 'ya'yan talakawa yaƙi da kuma ƙarshen duniya, a nan ya ajiye duk wata gwaninta.

A ganina wannan shi ne sirrin waƙar. Maza ne da aka rena a unguwar da namiji ba ya zubar da hawaye a gaban 'yan uwansa, inda idan abokinka na cikin damuwa sai ka saya masa abin sha ko ka tsokane shi. Babu wanda zai iya zama kusa da Ward ya ce masa sannu, Allah ya kawo sauƙi. Abin da baki ya kasa furtawa, fiyano da alƙalami suka isar. Shi ma Ozzy a lokacin yana da aure da ƙananan 'ya'ya a Ingila, auren da ya amsa daga baya cewa shi ya lalata shi da shaye-shaye. Muryarsa a waƙar siririya ce, ba ta da ado, ba ta lanƙwasa, kamar ta yaron da ya ɓata a kasuwa. Ƙwararren mawaƙi zai iya fin sa iya jan baitin, amma da wuya ya fi shi sa mutum ya yarda.

Faifan ya fito a Satumban 1972, ya kai na 8 a Birtaniya, na 13 a Amurka. Waƙar ita ce ta uku a fuskar farko, ba ta kai minti 5 ba, an dasa ta tsakanin "Tomorrow's Dream" da wasu ƙararraki marasa kan gado, sannan "Supernaut" ta biyo da rugugi. A yi tunanin makaɗin 'yan dambe ana tsaka da wasa, fili ya ɗau zafi, sai ya ajiye kalangu ya kama begen matar da ya saki. Haka da yawa daga cikin matasan da suka sayi faifan suka ji abin. Kamfani bai zaɓe ta a matsayin waƙar da za a tallata faifan da ita ba, "Tomorrow's Dream" aka zaɓa. Gidajen rediyon da ke sa waƙoƙin soyayya ba sa taɓa Black Sabbath, masu sa Black Sabbath kuma ba soyayya suke nema ba.

Ba ɓata ta yi gaba ɗaya ba. An saka ta a faifan da ya tattara fitattun waƙoƙinsu a tsakiyar shekarun 1970, kuma Ozzy ya rera ta a faifansa na Live & Loud a 1993. Amma ƙungiyar kanta ba ta cika kai ta dandamali ba. Mellotron na'ura ce mai saurin lalacewa a tafiya, kuma taron da ya zo jin gurnani ba shi da haƙurin fiyano. Idan masoya suka zauna lissafa manyan waƙoƙin ƙungiyar, "War Pigs" da "Iron Man" da "Paranoid" ake ambata. Ita kuwa sai dai a tuna ta a matsayin abin mamaki, wasu ma abin kunya.

Uba da 'ya

A 2002 tashar MTV ta fara nuna shirin The Osbournes, inda aka sa kyamara a gidan Ozzy ana ɗaukar rayuwarsa da matarsa ta biyu Sharon da biyu daga cikin 'ya'yansu, Kelly da Jack. Miliyoyin mutanen da ba su taɓa jin Black Sabbath ba suka san shi a matsayin uba mai rawar jiki da ke fama da 'ya'ya da karnuka. Shekarun ba su zo wa gidan da sauƙi ba: an gano sankarar hanji a jikin Sharon a 2002, Jack kuma ya shiga gidan gyaran masu shaye-shaye a 2003. A ƙarshen wannan shekara Ozzy da Kelly, tana da shekara 19, suka sake rera "Changes" tare. Aka gyara baitocin, miji da mata suka koma uba da 'yar da ta girma za ta kama gabanta.

Ranar 8 ga Disambar 2003, a makon da waƙar ta shiga kasuwa, Ozzy ya faɗi daga babur mai ƙafa huɗu a gidansa da ke Buckinghamshire. Ya karya haƙarƙari 8 da ƙashin kafaɗa da wani ƙashi a wuya, ya kusa rasa ransa. Yana kwance a asibiti waƙar ta haye mataki na ɗaya a Birtaniya. Shi ne karo na farko da waƙar da ya rera ta kai wannan matsayi, shekara 33 bayan waƙar "Paranoid" ta tsaya a na 4. Rabon da uba da 'ya su yi haka tun Frank Sinatra da 'yarsa Nancy a 1967.

Gaskiya tausayi ya taimaka wa cinikin, kuma ni dai ina ganin an cika wa wannan rerawa zaƙi. An ƙara mata taron 'yan amshi da kayan kiɗan da suka rufe kaɗaicin da ya sa ta 1972 ke ratsa jiki. Amma ta tabbatar da abu guda da ba a lura da shi ba a da: ƙashin bayan waƙar na iya ɗaukar wata rabuwar da ba ta aure ba. A 2010 mawaƙin gambara Eminem ya gutsuri muryar Ozzy daga ta asalin ya gina "Going Through Changes" a faifansa Recovery, yana magana a kan jarabar ƙwayoyi da 'ya'yansa da mutuwar amininsa Proof. Faifan ya fi kowane ciniki a Amurka a wannan shekara.

Dattijon da bai san Black Sabbath ba

Wanda ya fi kowa buɗe wa duniya ido a kan waƙar baƙar fata ne ɗan Amurka mai suna Charles Bradley. An haife shi a Gainesville ta jihar Florida ranar 5 ga Nuwambar 1948, wata guda kafin a haifi Ozzy. Yana jariri uwarsa ta bar shi wurin kaka ta tafi. Sai da ya kai shekara 8 ta dawo ta ɗauke shi zuwa Brooklyn a New York, inda suka zauna cikin talauci mai tsanani. A 1962 'yar uwarsa ta kai shi zauren Apollo ya ga mawaƙi James Brown, daga ranar ya ƙudurta zama mawaƙi. Yana ɗan shekara 14 ya gudu daga gida, ya riƙa kwana a titi da cikin jiragen ƙarƙashin ƙasa. Daga baya ya koyi girki, ya shafe shekaru yana aikin kuku daga Maine har Kalifoniya, yana ɗan waƙa a ƙananan wurare idan ya samu.

A shekarun 1990 ya koma Brooklyn wurin uwar da ta taɓa barinsa. Ya riƙa kwaikwayon James Brown a gidajen rawa da sunan Black Velvet don samun na abinci. A nan aka harbe ɗan uwansa Joseph har lahira. A nan kuma Gabriel Roth na kamfanin faifai na Daptone ya gan shi, ya haɗa shi da makaɗi Thomas Brenneck. Faifansa na farko ya fito a 2011, yana da shekara 62.

Brenneck ne ya kawo masa "Changes". Bradley bai san Black Sabbath ba, bai san sunan da suka yi ba, saboda haka babu wani shamaki tsakaninsa da baitocin. Ya naɗe ta tare da makaɗan Budos Band, ta fito a ƙaramin faifai a ƙarshen 2013. Sun rage mata gudu, suka sa mata ganga da ƙahonni da jita, suka mayar da ita salon sol na baƙaƙen Amurka na shekarun 1960. A lokacin uwarsa na kwance ba lafiya, shi ke jinyarta. A ƙarshen rayuwarta ne suka zauna suka fahimci juna, ta ba shi labarin wahalar da ita ma ta sha, ya yafe mata. Ta rasu a Janairun 2014. Daga nan duk lokacin da ya rera waƙar, da ita yake.

Akwai bidiyon waƙar da aka saki kafin fitowar faifansa na uku, wanda shi ma aka sa wa suna Changes a Afrilun 2016. Babu komai a cikinsa sai fuskar dattijon, kyamara a kansa daga farko har ƙarshe. Yana saurare, idanunsa na cikowa, tsokar fuskarsa na motsi. Labarin zuciya, a tambayi fuska. Ban san wani bidiyon waƙa da aka kashe wa kuɗi kaɗan irin wannan ya yi tasiri kamarsa ba. Duk wanda ya taɓa jinyar mahaifiya, ko ya rasa ta alhali akwai sauran magana a tsakaninsu, ba ya buƙatar jin Turanci kafin ya gane abin da ke faruwa.

Abin da Bradley ya yi ya fi sake rera waƙa. Ya cire mata tambarin da ya hana a saurare ta. Mutanen da ba za su taɓa sa faifan hebi metal ba suka ji ta, suka ɗauka tsohuwar waƙar sol ce, sai daga baya suka gano 'yan Aston ne suka rubuta ta. Masoyan Black Sabbath kuma suka koma suka sake jin abin da suka yi shekara 40 suna tsallakewa. Bai daɗe yana cin moriyarta ba. An gano sankarar ciki a jikinsa a 2016, ya rasu ranar 23 ga Satumbar 2017 yana da shekara 68. Kwana 6 bayan rasuwarsa Netflix ta fara nuna shirin zane na Big Mouth, wanda ke buɗewa da muryarsa yana rera waƙar, ta haka ta isa kunnen wasu miliyoyin matasa.

Villa Park

Su ma masu waƙar sun dawo gare ta. Bayan wasan ƙarshe na rangadinsu na bankwana a Birmingham ranar 4 ga Fabrairun 2017, Ozzy da Iommi da Butler sun shiga situdiyo suka naɗi wasu tsofaffin waƙoƙi 5 da ba su yi a rangadin ba, "Changes" na ciki. Ward ba ya nan, saboda saɓanin kwantiragi da ya raba shi da su tun 2012.

Sai ranar 5 ga Yulin 2025 su huɗun suka sake hawa dandamali tare, karo na farko cikin shekara 20, a Villa Park, filin ƙwallon Aston Villa, 'yar tafiya kaɗan daga gidajen da suka tashi. An kira taron Back to the Beginning, mutum fiye da 40,000 suka cika filin, aka ware ribar ga asibitin yara na Birmingham da gidan kula da yara marasa lafiya na Acorns da wata gidauniyar yaƙi da cutar Parkinson. Wannan cuta ce ta hana Ozzy tsayuwa, a kan kujera ya yi waƙa. Manyan ƙungiyoyin da suka sha daga rijiyar Black Sabbath, irin su Metallica da Slayer da Pantera da Guns N' Roses, duk sun zo gaisuwa.

A tsakiyar wannan yini na rugugi wani matashi ɗan Doncaster mai suna Yungblud, wanda da yawa daga cikin 'yan kallon ba su ɗauke shi a bakin komai ba, ya fito ya rera "Changes". Ya sadaukar da ita ga Diogo Jota, ɗan wasan Liverpool da ya rasu tare da ƙanensa a haɗarin mota a Sifaniya kwana 2 kafin nan, rasuwar da ta girgiza masu kallon ƙwallo har a gidajen kallonmu. Filin ya ɗauka gaba ɗaya. Maza masu furfura da baƙaƙen riguna, irin waɗanda a 1972 za su ɗaga allurar faifai su tsallake ta, suka riƙa amshi suna share hawaye. Washegari wannan rerawa na cikin abubuwan da aka fi magana a kai daga taron. A daren taron kuwa Black Sabbath suka rufe da waƙoƙi 4 masu nauyi, Bill Ward na kan ganga yana da shekara 77.

Ozzy ya rasu ranar 22 ga Yuli, kwana 17 bayan taron, yana da shekara 76. Da Kelly ta fara magana a shafinta na Instagram ba ta yi dogon bayani ba, baitin farko na waƙar kawai ta rubuta.

An sha cewa "Changes" baƙuwa ce a cikin waƙoƙin Black Sabbath. Ban yarda ba. Tsoro da rashi da nadama su ne abin da suka yi ta rerawa tun faifan farko, a wannan karon ne kawai ba su ɓuya a bayan ƙara ba. Sauƙin kalmominta, wanda aka ɗauka rauni ne, shi ya ba mai saki da uba da maraya da mai makoki damar shiga cikinta kowa da nasa ciwon. Ta Bradley ta fi kowacce kyau, wannan ba na shakka. Amma wanda zai nema, ina roƙonsa kada ya tsaya a nan. Ya fara da ta Bradley, sannan ya koma ya saurari ta 1972 daga farko har ƙarshe, yana sane da cewa saboda abokinsu da ke zaune a gida ɗaya da su aka yi ta.